Tarwaɗa, Madubi da Haraji

A Bosso, da sanyi ya kankama sai ƙasa ta koma ja. Tattasai ne ake shanyawa fili bayan fili, daga bakin Komadugu har inda ido ya gaji, kuma ba banza ba mutanen Diffa ke kiransa jan zinariya. Aikinsa na ƙarshe aikin zama ne: a tsince, a ware wanda ya yi baƙi, a cusa a buhu, a danna, a ɗinke baki. Hannu na ta aiki, baki kuwa ba shi da abin yi, shi ya sa hira ba ta mutuwa a mashanya. A can na fara ganin gwanintar da nake son in yi magana a kanta, a wurin ƙanen mahaifiyata, wanda sana'arsa ke nan ɗinkin bakin buhu. Kawu kowa ke ce masa, har waɗanda ba su haɗa ko da kaka da shi ba.

Wasan ba shi da wuyar faɗi. Mutum uku, kowa ya jefo kalma ɗaya, duk wadda ta faɗo masa a baki, ba shawara, ba haɗa ido. Shi kuma Kawu ya ɗaure su a baiti guda kafin ya kai ƙarshen buhun da ke tsakanin gwiwoyinsa. Ba kiɗa, ba takarda, ba ko dala a ciki. In ya yi kyau a yi dariya, in bai yi ba a ce masa ya sake.

Wata rana da ba na mantawa, wata yarinya 'yar masunta ta ce, "Tarwaɗa." Wata gwaggo da ke ta haɗa wa 'yarta kayan ɗaki ta ce, "Madubi," don abin da ke ranta ke nan. Wani falke daga Damasak, wanda ya wuni yana lissafin abin da zai biya a hanya, ya ce, "Haraji." Wuri ya yi tsit. Kawu bai ɗaga kai ba. Ya soka basilla, ya ja igiya, ya sake sokawa, leɓɓansa na motsi kamar mai jan carbi. A ɗinki na biyar ko na shida ya buɗe baki:

Tarwaɗa ta tsinci madubi,
Ta leƙa, ta ga gashin baki,
Ta ce, "Ashe ni ce babba a gari!"
Da ta hango mai karɓar haraji,
Ta ce, "Jiya aka haife ni, ku tambayi kogi."

Gwaggon nan sai da ta share hawaye da bakin zane. Falken ya buga cinya ya ce, "Kawu, da ni kake!"

Na daɗe ina juya wannan baiti a raina, domin duk sirrin abin yana cikinsa. Kalma uku aka ba shi, da huɗu ya yi aiki. Ta huɗun ita ce gashin baki, kuma ba wanda ya jefo ta. Tarwaɗa na da gashin baki, kowane yaro a bakin kogi ya sani. Madubi shi ke nuna wa mutum nasa. Haraji kuwa a kan mai gashin baki yake faɗawa, don ba a bin jariri. Da ya samo wannan kalma ɗaya, sauran ukun suka zo da ƙafarsu suka jeru, kamar dama can 'yan ɗaki ɗaya ne. Shirun nan na ɗinki biyar, nemanta yake yi. Na taɓa tambayarsa yadda yake gane ta. Ya ce, "Ɗan nan, kalma ba ta tafiya ita kaɗai. Kowace da danginta take zuwa. Kai dai ka natsu ka duba wa ya auri wa."

Wanda bai ƙware ba, hanya biyu yake bi. Ko dai ya ce ya je kasuwa ya sayi tarwaɗa, ya sayi madubi, ya biya haraji, ko kuwa ya ce mafarki ya yi ya gan su. Duk kalmomin sun shiga, ba za a ce ya karya doka ba, amma ba wanda zai ko murmusa. Kawu kan kira irin wannan lodin kamiyo: an ɗora su a mota ɗaya, har a sauke su ba wanda ya gaisa da wani. Abin da yake nema shi ne kowace kalma ta zama sanadin 'yar'uwarta, yadda in ka zare ɗaya baitin zai zube. Gwada ka cire madubi. A ina tarwaɗa za ta ga gashin bakinta? Cire haraji. Me zai sa ta lashe amanta? Sannan akwai mutum a cikin kifin nan. Kowa a mashanyar ya san wani mai son a kira shi babba ranar rabo, ya koma yaro ranar biya, kuma shi aka yi wa dariya, ba tare da an kama sunan kowa ba.

Kunne ma da nasa aikin. Falken daga hayin Najeriya ya fito, shi ya sa ya ce haraji. Da ɗan wannan gefen ne, wataƙila lampo zai ce, kalmar da muka ara daga Faransanci, da kuwa baitin ya bi wata hanya dabam, ta kwando da gado da ƙoƙo. Da Kawu ya ji madubi da haraji duk da "i" suka ƙare, ya san amsa-amo ya zo masa kyauta. Ya tura su ƙarshen layi, ya nemo musu baki da gari da kogi su taya su zama. Tarwaɗa da ba ta shiga wannan sahu, sai ya sa ta a gaba, ya ba ta labarin ta ja. Wannan rabon wuri shi ake yi a daƙiƙun farko: wacce za ta ja gaba, wacce za ta tsare ƙarshen layi, wacce za a ɓoye sai an kusa rufewa. Wadda ta fi zama baƙuwa ita ake jinkirtawa, domin masu sauraro na riƙe da ita a rai, suna cewa bari mu ga ta ina haraji zai ɓullo. In ka sake ta da wuri, ka sallami jama'a tun ba ka gama ba.

Hausa na da sauƙi a wannan fanni, sauƙin da kan zama tarko. Kusan duk kalmominmu da wasali suke ƙarewa, wasulan kuma biyar ne, don haka ko yaro zai iya jera layi goma masu ƙarewa da "a". Manyan marubuta waƙa ba sa yarda da wannan arahar. Gaɓa sukutum suke riƙewa, "ri" ko "ba" ko "wa", tun daga baitin farko har na ƙarshe, ko da ɗari ne. A wasan mashanya ba a tsaurarawa haka, amma akwai abin da ba a yafewa, wato layi ya yi ɗingishi. Gaɓoɓin Hausa iri biyu ne, mai nauyi da marar nauyi, kuma yadda aka jera su shi ke ba waƙa takunta. Malamai kan auna wannan da ma'aunan aruli waɗanda Halilu ɗan Ahmad ya tsara a Basra a ƙarni na 8, su ce wannan Kamil ce, waccan Mutaƙarab. Kawu bai yi wannan karatu ba. Basillarsa ce ma'auninsa: soka, ja, soka, ja. In layi ya so ya yi tsawo sai ya haɗiye wasali, in ya gaza sai ya ja wani, kamar yadda makaɗa ke yi. A duba layin ƙarshe na baitin tarwaɗa, ya fi sauran tsawo. Da gangan ne. Da sauri ya zubo shi, da muryar mai neman hanyar tsira, kuma rabin dariyar a wannan saurin take.

Duk wanda ya san waƙar baka zai gane dangin wannan wasa. Alhaji Mamman Shata, ɗan Musawa ta ƙasar Katsina, wanda ya rasu a 1999, ya yi suna da cewa ba ya zama ya shirya waƙa. Abin da idonsa ya gani a fili, shi ke zama waƙa nan take. Har kumbon Apollo 11, wanda ya kai mutane duniyar wata a 1969, ya shiga bakinsa ya zauna daram kamar dama kalmar gida ce. Mutane kan ce baiwa ce, kuma ba su yi ƙarya ba. Amma a saurari yadda waƙar ke tafiya. Ya kafa gindi, 'yan amshi su karɓa, kalangu na ci gaba da magana, shi kuwa a wannan ɗan tsakanin yake ƙulla ɗan waƙa na gaba. Amshi wurin shan iska ne, wurin tunani ne kuma. Kawu ba shi da 'yan amshi, buhu ne ke yi masa amshi. Wani lokaci kuma sai ya maimaita kalmomin uku a hankali, kamar mai tabbatar da ya ji daidai. Ya ji sarai. Ɗanɗana su yake yi, yana jin tsawon kowace da nauyinta a kan harshe.

Abin da ke fitowa nan take, an daɗe ana tara shi. Cikin Kawu rumbu ne na karin magana da kirarin dabbobi da tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi, amma abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya san halin kowane abu. Kifayen kogin nan duk ya san su kamar maƙwabta: ƙarfasa, bargi, giwan ruwa, ƙawara, kurungu mai ƙaya da gurnani, gaiwa da ke shigewa cikin laka ta yi rani guda tana cin jikinta. In ka jefa masa gaiwa, ka riga ka ba shi haƙuri da yunwa da taɓo da jiran damina a lokaci ɗaya, sai dai ya zaɓi wanda zai kama hannun sauran kalmomin. Wanda ya san sunan abu kawai, kalma ɗaya aka ba shi. Wanda ya zauna ya kalli abin, goma aka ba shi. Irin wannan jijiya ce 'yan kama ke aiki da ita, sa'ad da suke ɗaukar muryar mai wa'azi ko karin wata sananniyar waƙa su cika ta da tuwo da miya da man shanu. Su ma haɗa abin da bai saba haɗuwa ba suke yi, kuma sai wanda ya san duka ɓangarorin biyu ciki da bai yake iyawa.

Wani dare bayan lisha, ana zaune ana ta tafi da sauro, wani ya ce, "Sauro." Wani ya ce, "Rediyo." Na ukun ya so ya ɗana tarko, sai ya duba gabansa ya ce, "Tattasai." Kalmar da ke gaban kowa ta fi ta nesa wuya, domin an riga an faɗi duk abin da za a faɗa a kanta. Kawu ya ce:

Sauro ya kafa rediyo a kunnena,
Ba ya cin batir, abincinsa jinina,
Na ƙona tattasai, na turare ɗakina,
Ni na kwana a waje, ina ta tarina,
Shi ya gaje gadona har da bargona.

An yi dariya sosai, yara suka kwana suna rera shi. Amma ni a wurina bai kai na tarwaɗa ba, shi ma Kawu ya yarda. Gada biyu ya gina a nan: ƙara ce ta haɗa sauro da rediyo, hayaƙi ya haɗa sauro da tattasai, rediyo da tattasai kuwa ba su taɓa juna ba sai ta hannun sauro. Amsa-amon ma na "na" ne, wanda za ka iya manna wa kowane suna, kunnena, ɗakina, bargona. Da kansa ya ce, "Wannan na aro ne, gobe zan mayar." Abin da ya ceci baitin shi ne labarinsa na gaskiya ne. Duk wanda ya taɓa shaƙar hayaƙin busasshen tattasai a rufaffen ɗaki ya san wanda ke fara fita.

Akwai kuma inda yake tsayawa. Wani yaro ya taɓa jefa raƙumi, ɗan'uwansa ya biyo da allura. Kawu ya ajiye basilla ya ce, "A'a, ɗana. Waɗannan biyu an riga an haɗa su a wurin da ya fi nan. Sake wata." Ayar Suratul A'arafi yake nufi, kuma bai yarda a mai da ita abin raha ba. Ba ya karɓar sunan mutum, ba ya karɓar aibin jiki, domin tsakanin raha da zambo taku ɗaya ne, shi kuwa mutanen nan da su zai wayi gari gobe. Fulani kaɗai ke shan bakinsa ba sassauci. Kawu Babarbare ne, kuma wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani tsoho ne, yana cikin wasannin dangi na Nijar da UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2014. In Bafillatana ta sauke ƙwaryar nono ta jefo kalma, to ta san saniyarta za ta shiga baitin. Ita ma ba ta tashi sai ta rama, ya zauna ya sha, ya biya kuɗin nonon da ƙari.

Ina ganin ba haka kawai irin wannan baki ya tsiro a nan ba. Komadugu, wanda a harshen Barebari ma'anarsa kogi, daga nesa yake kwaso kaya. Ruwan da ya sauka a ƙasar Kano da tsaunukan Jos shi ke bin kogunan Haɗeja da Jama'are, ya wuce Gashuwa da Gaidam, ya zama iyakar Nijar da Najeriya, ya zo ya faɗa Tafkin Cadi a tsakanin Bosso da Malam Fatori. Mutane ma haka suke zuwa. Ga Barebarin Mobar masu gona, ga Buduma daga tsibirai, ga Hausawa masunta da fataken banda, ga Fulani da Larabawan Shuwa da Tubawa, ga ma'aikata daga Yamai da Zabarmanci da Faransanci a bakinsu. Naira da sefa a aljihu ɗaya suke kwana. Wanda ya tashi a irin wannan kasuwa, kullum sai an jefo masa kalmar da bai san danginta ba, kuma dole ya samo mata dangi in yana son ciniki ya faɗa. Kawu da Barbarci ya buɗe baki, Hausa a kasuwa ya same ta, kuma da duka biyun yake wasan, gwargwadon wanda ya jefo.

Masu alƙalami ma sun san daɗin a ɗaure mutum da kalmomin da ba shi ya zaɓa ba. Tahamisi ke nan: ka ɗauki baiti mai layi biyu na wani, ka gina layi uku a gabansa, da amsa-amon da ya dace da ma'anar da za ta gangara ta shige cikin nasa ba tare da an ga ɗinki ba. Waƙar "Tabbat Haƙiƙa" haka ta iso mana: Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi ta da Fulatanci, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahamisi. Wannan ba wasa ba ne, wa'azi ne mai nauyi, amma horon iri ɗaya ne. Larabawa kuwa suna da wasan da wani kan faɗi rabin baiti ya ce a cika. Ana ba da labarin Mu'utamid ɗan Abbad, sarkin Ishbiliya ta Andalus a ƙarni na 11, wai yana tafe a bakin kogi da abokinsa mawaƙi Ibn Ammar, ya ga iska na kaɗa ruwa, ya jefa rabin baiti. Abokin ya tsaya tunani, sai wata mai wanki ta cika masa daga bakin ruwa. Ita ce Rumaikiyya, wadda ya aura daga baya. Duk sa'ad da na tuna wannan labari, matan da ke wanki a mashigin Komadugu nake gani, domin na san a cikinsu akwai masu irin wannan kaifi.

Faransawa sun mai da abin gasa. Suna kiransa bu-rime, wato a ba ka kalmomin ƙarshen layi kawai, kai ka cika gabansu. Ana danganta farkonsa da wani mawaƙi Dulo a Faris ta ƙarni na 17, wanda ya yi kukan an sace masa waƙoƙi 300, da aka bincika ashe jerin amsa-amo ne ya tanada bai cika ba. A 1864 marubuci Aleksandar Duma ya gayyaci mawaƙan Faransa su cika jeri ɗaya, mutum 350 suka amsa, ya buga su a littafi a 1865. Daga baya, a 1920, Tiristan Zara ya kawo tasa dabarar: a yanka jarida kalma-kalma, a zuba a jaka, a girgiza, a riƙa zarowa ana kwafewa yadda suka fito, shi ke nan an yi waƙa. Na gane abin da yake yaƙi da shi, wato waƙar da ta daskare ta zama ta masu taƙama. Sai dai inda ya ajiye aiki, nan Kawu ke ɗauka. Girgiza jaka kowa na iyawa. Yau ma akwai manhajojin waya da za ka latsa su zubo maka kalmomi barkatai, ko nawa kake so, kuma suna da amfani ga wanda yake zaune shi kaɗai. Amma aikin yarinyar nan 'yar masunta kawai suke yi, wato jefawa. Kalma ta huɗu ba ta cikin jaka.

Da na fara koyarwa a Diffa na kai wasan aji. Kowane yaro ya rubuta kalma a 'yar takarda, a naɗe, a zuba a ƙwarya, a zaro uku. A nan na ga wata ƙofa da mashanya ba ta da ita. Kalmar da aka faɗa da baki tana zuwa da karin sautinta da tsawon wasulanta, ba ka da zaɓi. Wadda aka rubuta da boko kuwa tsirara take zuwa. In ka zaro "gari", ko na zama ko na tuwo. In ka zaro "wuya", ko na rataya ko ta sha. "Fari" ma haka, ko launi ko rashin ruwa. Wata rana aka zaro kuka da jaki da alli. Yara maza suka yi ta lodin kamiyo. Wata yarinya daga wajen Maine-Sorowa, wadda ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe, in faɗa?" Ta ce:

An miƙa wa jaki alli, ya zaci kanwa,
Shi ne yake ta kuka a gindin kuka.

Ta shiga ta ƙofa biyu a layi ɗaya, kuma ta samo kalmarta ta huɗu. Ƙasarsu ƙasar kanwa ce, ta ga dabba na lasar farin abu tun tana goye. Ban koya mata wannan ba, ba kuma wanda zai iya. Abin da malami ke iyawa shi ne ya hana lodin kamiyo, ya ba da lokacin shiru, ya sa yara su tambayi kowace kalma: me kike ci, wa kike tsoro, da wa kike kama?

Sai shekarun wuya suka zo. An kai wa Bosso da Diffa hari ranar 6 ga Fabrairun 2015, aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawan babur da kamun kifi da cinikin tattasai. Mashanya ta mutu, basilla ta rasa buhu. Ranar 3 ga Yunin 2016 aka sake faɗa wa Bosso, ana saura kwanaki kaɗan a kama azumi, mutane kimanin 50,000 suka watse, wasu zuwa Tumur, wasu suka zube a gefen kwaltar da ta tashi daga Diffa zuwa Ngigmi. A Kinjandi na sami Kawu, cikin rana da ƙarancin ruwa, ya rame, yana ɗinke tamfol a jikin itace da basillar nan tasa. Ban yi zaton akwai sauran wasa a bakinsa ba, ban kuma nema ba. Yara ne suka nema. Da la'asar suka kewaye shi, ɗaya ya ce, "Makulli," don kusan kowane babba a wurin yana da na gidan da ya baro. Ɗaya ta ce, "Tanti." Wani ƙarami ya ga abin da ke wucewa ya ce, "Akuya."

Wannan karon shirun ya daɗe. Na ƙirga ɗinki ya fi goma. Sannan ya ce:

Makulli ya ce da tanti, "Ina ƙofa?"
Tanti ya ce, "Sai ka tambayi akuya,
Ita ke shiga kullum ba sallama."
Makulli ya koma aljihu ya kwanta,
Ya ce, "Ku tashe ni ranar komawa gida."

Yaran suka fashe da dariya tun a wurin akuya. Manya ba su yi ba. Wata tsohuwa da ke zaune a bakin tantinta ta sa hannu a wuya, ta jawo igiya, ta fito da makulli, ta dube shi a tafin hannunta. Ta ce, "Ka ji ko? Kai ma yi barcinka." Ta mayar da shi cikin riga, sannan ta yi dariya, sauran matan suka taya ta.

Kawu ya ciji igiya ya yanke, ya jawo wani gefen tamfol ɗin, ya ce, "To, saura wa? Ku jefo."